Kunnen da Muka Ajiye

Kwana uku ke nan ana ruwa a Makera, irin ruwan watan Agusta da ba ya sauri, ba ya kuma ɗaukewa. Jiya ina zaune a baranda ina kallon yadda yake zuba daga bakin kwano cikin baho, sai na lura ganinsa kawai nake yi, ba na jinsa. Da can, in ruwa ya sauka a kan kwanon ɗakin nan, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Yanzu kuwa wani ɗan gunaguni ne can nesa.

A kan tebur akwai wani ƙaramin akwati da 'yata Ladi ta kawo tun makon jiya. Ita nas ce, kuma tun da ta sa fararen kaya ta mai da ni majinyaciyarta ta farko. Ta ja ni asibiti aka gwada kunnuwana, aka haɗo ni da wannan na'urar da ake maƙalawa a kunne. Ni ɗan kunne nake ce mata. Har zuwa jiya ban taɓa ta ba, domin da sharaɗi ta zo: in zan sa ta, sai na rabu da injin markaɗena mai fetur. Wannan sharaɗin ne, da wannan ruwan, suka mai da ni wata damina ta shekara ashirin da 'yan kai, daminar da masaƙa ta rufe.

Maigidana, Istifanus, wanda unguwa ke kira Baban Ayuba, shekara goma sha bakwai ya yi a ɗakin saƙa a Kakuri. Sau ɗaya na taɓa leƙa wurin, ranar da na kai masa abinci. Kai! Injuna ne jere iyakar ganinka, kowanne yana bugu, ƙasa tana rawa a tafin ƙafarka. Ko ihu ka yi ba ka jin kanka. Amma mutanen ciki hira suke yi abinsu. Wannan ya motsa leɓe daga can, wancan ya kwashe da dariya daga nan, ba wanda ya fitar da murya. Su suna kiranta maganar masaƙa. Baki ne da ido da ɗan yatsa, kuma da ita suke gulmar manyansu a gaban idonsu.

Wannan maganar ce ta rufe mini ido shekaru. Ashe kunnen dama na mutumin nan ya daɗe da tafiya, ban sani ba, domin muddin ina fuskantarsa sai ya karanta bakina ya ba ni amsa daidai. In kuwa na juya baya ina tuƙa tuwo na yi masa magana, shiru. Na sha yin fushi a kan haka. Na taɓa kai ƙararsa wurin matar fasto, na ce raini ne ya shiga tsakaninmu, mutum sai ka kira shi sau uku. Sai a gwajin ƙarshe da aka yi musu kafin a sallame su ya dawo da wata 'yar takarda, ya zauna a bakin gado ya ce, "Saratu, ashe kunne ɗaya nake yawo da shi. Likita ya ce na hagun ma ya soma gajiya. In na sake zama kusa da ƙara, shi ma zai bi ɗan'uwansa."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Daga nan jiniyar kamfani ta daina kuka. Mu da muka saba ita ce agogonmu, da ita ake ɗora ruwan wanka, da ita ake sauke tukunya, sai muka wayi gari unguwa tsit. Maza suna zaune a ƙofar gida da rana tsaka, abin da ba a taɓa gani ba. Masu sayar da abinci a bakin get suka kwashe tukwanensu. Zafin bazarar shekarar ya yi tsanani, kwano yana ƙona kai, rijiyar gidanmu sai an bar ta ta huta kafin a samu rabin guga. Ga yara biyu, ga ni da ƙaramin ciki.

Ɗan abin da aka ba shi na sallama bai taka kara ya karya ba, amma zai sayi abu guda. Muka yi ta juya shawara. Wasu abokansa babur suka saya suka shiga acaba, wasu suka koma ƙauye. Ni na kawo maganar injin markaɗe, domin a layinmu kaf babu, mata sai sun tsallaka titi da bokiti a ka. Muka shiga mota zuwa Tudun Wada wurin wani Alhaji mai sayar da injuna.

Alhajin ya nuna mana iri biyu. Ɗaya mai lantarki ne, ya kunna mana shi, sai wani ɗan gurnani a hankali, kana iya hira a gefensa. Ɗayan mai fetur, da ya ja igiya sai da akuyar maƙwabcinsa ta tsinke ta gudu.

Na ce, "Alhaji, wannan mai shirun muke so."

Ya ce, "Madam, unguwarku awa nawa kuke samun wuta?"

Na faɗa masa gaskiya. A lokacin sai a kwana biyu ba a kawo ba, in an kawo kuma ba ta da ƙarfin da za ta juya ko fanka.

Ya ce, "To kin gani. Mai ƙosai da ta jiƙa wakenta ba za ta jira a kawo wuta ba. Mai shiru zai bar ku da yunwa cikin kwanciyar hankali. Wannan mai haukan shi zai ba ku tuwo. Ku zaɓa."

Na dubi Baban Ayuba. Ya san abin da nake tunani, na san abin da yake tunani. Ya ce, "A ɗaure mana mai fetur."

Shi ya fara aiki da injin, kuma ban isa in hana ba. Namijin da aka raba da aikinsa, ga injin a gabansa, hannunsa na ƙaiƙayi. Ya kafa shi a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, ya goge, ya ɗaure bel, ya daidaita. Ruwan farko ya sauka a makon, ƙasa ta yi ƙamshi, mata suka soma zuwa da bokitai. Na daɗe ban ga fuskarsa a sake haka ba. Amma in ya kashe injin da yamma sai in ga yana girgiza kai yana sa yatsa a kunne. In na tambaya ya ce ba komai, ƙudan zuma ne ke kuka a ciki, za su tafi.

Ba su tafi ba. Wata Lahadi da safe aka buga ƙararrawar coci, wadda ke bayan gidanmu kaɗan, yana zaune yana goge takalmi. Aka buga ta biyu. Ya ɗaga kai ya ce mini, "Yau ba za su buga ƙararrawa ba ne?"

Na ajiye ɗankwalin da ke hannuna, na zo na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina sosai. Na ce, "Daga gobe ni ce mai injin."

Ya ce, "Da cikin? Haba Saratu. Me mutane za su ce, ƙato yana gida matarsa na fama da injin?"

Na ce, "Mutane su ci kansu. Kai kunne ɗaya gare ka, ni biyu. Wa ya fi wani abin kashewa?"

Ya ce ba wasa yake yi ba. Na ce ni ma ba wasa nake yi ba. Na kama hannunsa na ɗora a cikina na ce, "Wannan da ke zuwa, kana so ka ji kukansa ko sai dai a ba ka labari?" Ranar ko waƙa ɗaya bai bi ba a coci, ya dai zauna yana kallon bakin masu waƙa.

Washegari ya kwance injin daga ƙofar gida ya mai da shi can bayan gida gindin mangwaro, nesa da ɗaki. Ya samo buhunan ɗiɗɗigar katako ya jera su kamar katanga. Ya kai salansar injin, wato bututun hayaƙi, wurin mai walda aka ƙara mata tsawo, hayaƙi ya riƙa fita ta bayan katanga. Sa'an nan ya buɗe akwatinsa ya fito da wani ƙullin auduga da ya rage masa daga kamfani. Ya mulmula biyu da man kaɗanya ya cusa mini a kunne da kansa. Muka yi ƙa'ida: aiki daga safe zuwa azahar kawai, kuma ba na kunna injin sai bokitai sun taru.

Abu ɗaya ya ƙi bar mini, jan igiya. Ya ce mai ciki ba ta fizgar igiya. Kowace safiya sai in toshe kunne, in juya in sunkuya ina ɗauraye bakin injin, shi kuma ya zo ta bayana da nasa kunnen a toshe. Yakan ɗan tsaya jim kafin ya ja. Na ɗauka addu'a yake yi, ko ƙarfi yake tarawa. Da injin ya kama, sai ya saɓi fartanya ya fice.

Gona ya koma. Shi da tsofaffin abokan aikinsa suka samu aron fili a bakin kogi bayan Kudenda, suka shuka masara da wake da ɗan dankali. Gayya suke yi, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Hannuwan da suka saba da zare suka yi kanta, suka fashe. Ranar da na kai musu fate, abin da shi yake kira gwate irin na mutanensu na Filato, na tarar da abin dariya. Ga maza takwas a fili, ba injin ko ɗaya, tsuntsaye ne kawai ke kuka, amma suna hira daga wannan kunya zuwa waccan da leɓe, ba murya. Wani manomi da ke maƙwabtaka da su ya ja ni gefe ya ce, "Baiwar Allah, waɗannan duk kurame ne?"

Watan Yuli da Agusta su ne suka gwada mu. Tsohon hatsi ya ƙare a kasuwa, sabo bai nuna ba. Ruwa ba dare ba rana, itace ya jiƙe, sai ka yi ta hura wuta idonka na hawaye kafin ta kama. Tufafi ba sa bushewa, ɗaki yana warin danshi, bango ya yi kore. Markaɗen ma ya ragu, domin wanda ba shi da hatsi me zai kawo? Abin da ya riƙe mu, ba na jin kunyar faɗa, shi ne ruwan wankin injin. In na gama wa mai wake, in ɗauraye in tara a roba. In na gama wa mai gero ko masara, haka. Da rana sai in bar shi ya kwanta, in tsiyaye ruwan sama, in dama abin da ya zauna a ƙasa, in yanka rama ko zogale in zuba. Ba shi da suna a cikin abinci. Yara suka sa masa kunun kowa da kowa. Yana da ɗan ɗaci, wani lokaci har da yajin wata, amma yana da ɗumi kuma yana kwantar da ciki.

Maƙwabciyata Hajiya Balaraba mai ƙosai, Allah ya jiƙanta, ta gane abin da nake yi. Ba ta taɓa ce mini uffan ba. Sai dai na lura in na gama mata markaɗe takan janye bokitinta da wuri ta ce, "Ya isa haka, Maman Ayuba, sauri nake yi," alhali rabin kofi na ƙullu bai gama sauka ba. Kullum tana sauri, matar da in ta zauna hira sai an zo an kira ta.

Kuskurena ɗaya ne a aikin nan, kuma na kowa ne da ya taɓa riƙe injin. Mace za ta zo tana magana, laushi take so ko ɓarza, a ƙara ruwa ko a rage, ni kuma ba na ji. Sai in zare audugar in kai kunne kusa da bakinta, kusa da injin ke nan. A yini sai in zare sau talatin, daga baya ma in manta ban mayar ba. Wata rana ruwa ya koro Baban Ayuba daga gona da wuri, ya same ni audugar tana kan dutse, ni ina ta ihu da wata mai tattasai. Ya kashe injin. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

Ya ce, "Ke da kika ce kina da biyu, so kike ki zubar da su a damina ɗaya?"

Na ce, "To yaya zan yi? In yi duba in san abin da suke so?"

Ya ce, "Zauna."

A ranar ya fara koya mini maganar masaƙa. Yadda ake buɗe baki a faɗi kalma ba murya, yadda ake kallon leɓe ba ido ba. Murza yatsa biyu, laushi. Dunƙule hannu, ɓarza. Yatsa ya nuna ƙasa, ƙara ruwa. Da na iya, sai ya ce saura masu kawo markaɗe. Ranar Asabar ya tsaya a gindin mangwaro kafin a tada injin, ya tara matan layinmu yana koya musu, shi da ko gaisuwa da mata kunya take ba shi. Hajiya Balaraba ta fi kowa saurin ɗauka, ta kuma fi kowa ɓata abin. Kafin wata ya ƙare, ita da matan zumuntar cocinmu sun mai da gindin mangwaron nan wurin gulma, injin na ruri, su suna ta motsa baki suna riƙe ciki don dariya. Audugata ba ta ƙara fita ba sai in an tashi.

Kogi ya cika a ƙarshen Agusta ya cinye musu kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar. Abin da ya tsira ya yi kyau. Ranar da ya shigo da ɗanyar masara ta farko a buhu, muka gasa a gawayi, yara suna ci suna ƙona baki ba su damu ba. Har yau in na ji ƙamshin gasasshiyar masara sai na tuna yadda ya zauna yana kallonsu, shi bai ci ba sai da suka ƙoshi.

Na haihu da kaka, ranar Lahadi da hantsi, a wani ƙaramin asibiti da ke kusa da mu. Shi yana waje a kan benci, ƙofa a rufe, ba bakin da zai karanta. Hajiya ce ta fita za ta yi masa albishir, ta tarar ya riga ya miƙe tsaye, hula a hannu. Kafin ta buɗe baki ya ce, "Na ji, Hajiya. Na ji da kunnena." Ta ce hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa. Jaririyar da ya ji kukanta ita ce Ladi.

Injin nan shi ya yi makarantar yara uku. Na canja masa kai sau biyu, bel kuwa ban san iyaka ba. Kunnen hagu na Baban Ayuba yana nan, da shi yake jin rediyo, da shi yake jin jikokinsa. Nawa ne suka tafi a hankali, duk da audugar, kamar yadda gishiri ke ƙarewa a kwano ba ka san ranar da ya ƙare ba. Ban yi da-na-sani ba, ko sau ɗaya. Amma ba zan yi ƙarya in ce ba na kewar muryoyi ba.

Shi ya sa maganar Ladi ta tsaya mini a rai. Na kawo mata dalilaina. Na ce abin nan sai an yi masa caji kullum, ruwa bai taɓa shi, ni kuwa aikina ruwa ne. Na ce injin lantarki da take so ta saya mini, in an ɗauke wuta sai in zauna in naɗe hannu. Ta ce, "Mama, ɗan solan da ke gidan nan ya isa cajin abin kunne. Injin kuma in babu wuta ki huta, wa ya ce sai kin yi kullum? Rabin matan layin nan yanzu a kicin suke markaɗa tattasansu. Masu wake da gero da suka rage za su jira ki." Na ce ba a jira da jiƙaƙƙen wake. Ta ce, "To su je wani wuri ranar. Ɗan abin da ya rage a kunnenki, in mai fetur ya cinye shi, ko wannan na'urar ba za ta yi miki amfani ba."

Na juya wurin ubanta don ya goya mini baya. Sai ya motsa baki, ba murya, ya ce, "Wa ya fi wani abin kashewa yanzu?" Tsohon nan bai manta komai ba.

Jiya da yamma na ce a kira mai sayen tsofaffin injuna. Yau da safe ruwa ya ɗan tsagaita, kuma akwai bokitai uku da na riga na karɓa tun jiya, na ce to bari in yi na bankwana da mai fetur. Kafin in fita, Ladi ta matsa sai na gwada ɗan kunnen ko na minti biyar, in ya so in cire kafin a tada injin. Ta maƙala mini, ta gyara ɗankwalina ya rufe. Wayyo, ashe duniya surutu gare ta haka! Ɗigar ruwa a baho, kaji, silifas ɗina da kansa yana magana. Na nufi gindin mangwaro ina jin kowane taku nawa.

Na sunkuya ina ɗauraye bakin injin kamar kullum. Na ji takunsa a bayana, shi ya ɗauka auduga ce a kunnena. Ya kama igiya. Ya tsaya jim ɗin nan nasa. Sai na ji murya, ta tsufa, ta ɗan dushe, ba yadda na san ta ba.

"Na gode, Saratu."

Hannuna ya tsaya a cikin ruwa. Na ɗaga ido, ga Ladi a bakin ƙofar kicin tana kallona. Ta motsa baki irin na gidanmu, ba murya: "Kullum yake faɗa. Tun ina ƙarama."

Shekara ashirin da 'yan kai, kowace safiya, sai ya bari na toshe kunne na juya baya. Idona ya kawo ruwa. Ban juyo ba, don kar ya ga fuskata.

Na ce, "Baban Ayuba, saki igiyar nan tukuna. Me ka ce? Ban ji ba."

Can ya ce, "Kin ji mana."

Na ce, "Kunnen sabo ne, bai saba ba. Sake faɗa."

Ya sake faɗa.